Durƙuson Fafaroma da bashin da ke wuyan shugabannin Sudan ta Kudu

Ranar Alhamis, 11 ga Afrilun 2019, a gidan Santa Marta da ke cikin fadar Batikan, wani dattijo ɗan shekara 82 ya kammala jawabinsa ga baƙin da suka yi yini biyu suna addu'a a gidansa. Kowa ya ɗauka an zo ƙarshe, saura musabaha da ɗaukar hoto. Sai dattijon ya taso yana ɗingishi, domin ciwon ƙafa ya daɗe yana cin sa, ya tsaya gaban shugaban Sudan ta Kudu, Salva Kiir, ya durƙusa da ƙyar har ƙasa, ya sumbaci takalminsa. Aka kama shi ya miƙe. Ya matsa gaban madugun adawa, Riek Machar, ya sake durƙusawa. Haka ya bi sauran, har da Taban Deng Gai, mataimakin shugaban ƙasa na farko a lokacin, da Rebecca Nyandeng, matar marigayi John Garang, jagoran 'yan tawayen kudu na SPLA. Dattijon nan shi ne Fafaroma Francis, shugaban mabiya ɗariƙar Katolika fiye da biliyan ɗaya a lokacin.

Roƙon da ya yi musu bai da tsawo. Ya ce yana roƙonsu a matsayinsa na ɗan'uwa su zauna lafiya. Ya ce saɓani ba zai ƙare a tsakaninsu ba, amma su bar shi a cikin ofis, in sun fito gaban jama'a su riƙe hannun juna. Aka miƙa wa kowannensu Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da sa hannun Fafaroma, da na shugaban cocin Angilika na lokacin, Justin Welby, wanda shi ne ya kawo shawarar taron, da na John Chalmers na Cocin Sikotland. A ciki an rubuta musu cewa su nemi abin da ke haɗa su, su rinjayi abin da ke raba su. Cikin malamai biyu da suka yi musu wa'azi a yini biyun nan akwai Akbishop John Baptist Odama na Gulu a Yuganda, mutumin da ya san ɗacin yaƙi a ƙasarsa, da wani limami ɗan Najeriya, Agbonkhianmeghe Orobator.

Bahaushe ya san nauyin durƙuso. Yaro ke durƙusa wa babba, ɗa ga mahaifi, talaka ga sarki. Ranar da babba ya durƙusa wa ƙarami kuwa, to ya ɗora masa kayan da ba ya saukuwa. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a wannan hoton ba. Shi kansa Kiir ya gane haka. Da ya koma Juba, babban birnin ƙasar, ya shaida wa majalisar dokoki cewa jikinsa ya yi rawa a lokacin, ya ce abin albarka ne, amma yana iya zama la'ana in suka yi wasa da rayukan jama'arsu. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tilasta shi.

Kafin a auna wannan taro, ya kamata a tuna su waye aka durƙusa wa. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci ranar 9 ga Yulin 2011, bayan ƙuri'ar raba gardama da kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa daga Khartum. Mutane sun yi rawa a titunan Juba, domin yaƙin da ya gabata, daga 1983 zuwa 2005, ya ci rayuka kimanin miliyan biyu. Ba a cika shekara biyu da rabi ba aka koma gidan jiya. A Yulin 2013 Kiir ya sallami mataimakinsa Machar. Daren 15 ga Disamba harbi ya ɓarke tsakanin sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, kafin gari ya waye rigimar siyasa ta rikiɗe ta zama ta ƙabila, Dinka na Kiir da Nuer na Machar. A Juba an bi gida-gida ana kashe 'yan Nuer. A Bentiu, cikin Afrilun 2014, mayaƙan ɓangaren Machar sun kashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a masallaci da coci da asibiti, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda aka kashe a masallacin kaɗai sun haura 200. An ƙulla sulhu a Agustan 2015, Machar ya dawo Juba a Afrilun 2016, a Yuli aka sake gwabzawa a ƙofar fadar shugaban ƙasa, ya tsere ta daji har Kwango. Wani bincike da masana a Landan suka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa yaƙin ya jawo mutuwar kusan mutum 400,000. Fiye da miliyan biyu sun tsallaka iyaka, wasu kamar haka kuma suna gudun hijira a cikin ƙasarsu. Kiir ɗan Katolika ne mai zuwa coci, Machar kuma ɗan Firesbiteriya. Ba wanda bai san addu'a ba a cikinsu.

Shi ya sa ba na ganin laifin wanda ya kalli hoton ya ji ransa ya ɓaci. Matar da aka kashe mata miji a Malakal tana da damar tambaya: don me za a sumbaci ƙafar da ta tattake ni? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da cewa ai addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Duk da haka ni ina cikin masu ganin taron ya dace, kuma an yi shi a kan gaɓa. Yarjejeniyar da aka sabunta a Addis Ababa ranar 12 ga Satumban 2018 ta tanadi a kafa gwamnatin haɗin gwiwa ranar 12 ga Mayun 2019, wato saura wata ɗaya ke nan, alhali ba a shirya komai ba. Sannan a ranar da Fafaroma ya durƙusa, a daidai wannan rana, sojoji suka tumɓuke shugaban Sudan, Omar al-Bashir, a Khartum, wanda shi ne ɗaya daga cikin manyan masu lamunin yarjejeniyar, kuma a birninsa Machar ke zaune. Da yawa sun yi tsammanin igiyar za ta tsinke. Ba ta tsinke ba. An ɗage wa'adin da wata shida, aka ƙara kwana 100, Kiir ya janye daga jihohi 32 da ya ƙirƙira ya koma 10, ranar 22 ga Fabrairun 2020 aka rantsar da Machar mataimaki na farko. Matsin ƙasashen ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka da takunkumin Amurka sun yi nasu aikin, ba na musu. Amma kunya ma tana da aikinta a siyasa. Mutumin da duniya ta ga tsoho ya sumbaci takalminsa, zai yi masa wuya ya koma gida a makon nan ya ce a buɗe wuta. Shekarun da manyan rundunonin biyu suka yi ba su fito fili suna yaƙar juna ba, akwai yaran da aka haifa a cikinsu da suke raye yau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda nake da ja shi ne a ɗauka duk taron da aka kira shi na addu'a ɗaya ne. Sudan ta Kudu da kanta ta nuna mana ba haka ba ne.

A ranar 10 ga Maris 2017 an yi ranar addu'a ta ƙasa a Juba. Wannan karon shugaban ƙasa ne ya kira, malaman addini suka amsa. Kiir ya tsaya gaban jama'a ya roƙi Allah gafara. Amma kwana 18 kafin nan, ranar 20 ga Fabrairu, an ayyana yunwa a yankunan Leer da Mayendit na jihar Unity, inda mutum 100,000 ke bakin mutuwa. Yunwar ba ta fari ba ce, yaƙi ne ya kori manoma daga gonakinsu, ya kwashe shanu, ya tare hanyar masu agaji. Mataimakin bishop na Katolika a Juba, Santo Laku Pio, ya fito ƙarara ya ce ba zai je ba, ya kira ta addu'ar siyasa, ya ce izgili ce a tara mutane addu'a alhali sojoji na farautar jama'a a ƙauyuka. Wasu sun ga ya yi tsauri. Ni a ganina ya kare mutuncin addu'a ne. In mai mulki ne ya shimfiɗa tabarma, shi ya zaɓi wanda zai yi wa'azi, shi ya biya kuɗin rumfa da lasifika, to malamin da ya hau mumbari baƙo ne, baƙo kuwa ba ya faɗa wa mai gida aibinsa a tsakar gidansa. Irin wannan taro yakan wanke shugaba a idon jama'a ba tare da ya mayar da ko akuya ɗaya da aka sace ba. A Batikan kuwa coci ce mai gida. Ita ta kira, ita ta tsara, shugabannin suka bar dogaransu a waje suka zauna a kujerar masu sauraro. Wannan bambanci yana da girma, kuma duk cocin da ke shirin tara shugabannin ƙasa ya kamata ta fara tambayar kanta wa ke da tabarmar.

Coci a Sudan ta Kudu ba aron wannan matsayi ta yi ba, da guminta ta same shi. Sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin farko tsakanin arewa da kudancin Sudan, wanda aka ƙulla a Addis Ababa a 1972 tsakanin gwamnatin Jaafar Nimeiri da mayaƙan Anyanya na Joseph Lagu, Majalisar Coci-coci ta Duniya da ta Afirka ne suka shiga tsakani, kuma limamin Angilika ɗan Laberiya, Burgess Carr, shi ya jagoranci zaman. Sulhun ya kai shekara 11 kafin Nimeiri ya warware shi. A yaƙi na biyu, lokacin da babu gwamnati a mafi yawan kudanci, coci ce makaranta, ita ce asibiti, ita ce gidan waya. Limamai irin su Bishop Paride Taban sun zauna da jama'arsu ana ruwan bama-bamai, ba su gudu ba, har shi Taban ɗin 'yan tawayen SPLA sun taɓa tsare shi. Mutanen kudu suna ganin girman coci ne saboda ta sha wuya tare da su.

Amma aikin da ya fi burge ni a tarihin cocin ƙasar ba a fada aka yi shi ba, a wani ƙauye ne da ake kira Wunlit, a yankin Bahr el Ghazal.

Abin ya samo asali ne daga 1991, lokacin da Machar ya ɓalle daga John Garang. Rabuwar manyan ta sauka a kan talakawa. A Bor mayaƙan ɓangaren Machar suka yi wa 'yan Dinka kisan gilla, daga nan Dinka da Nuer, makiyayan da suka daɗe suna auratayya suna shayar da shanu a fadama ɗaya, suka shiga ramuwar gayya ta kusan shekara takwas. Ana ƙona ƙauyuka, ana kwashe shanu, ana sace mata da yara. Sabuwar Majalisar Coci-cocin Sudan ta gwada sasanta manyan, abin ya faskara. Sai ta juya ta nufi ƙasa. A 1998 ta tara wasu sarakunan gargajiya na ɓangarorin biyu a Lokichogio ta Kenya. Daga nan sarakunan suka kai wa juna ziyara, na Nuer suka kwana a ƙasar Dinka, na Dinka suka kwana a ƙasar Nuer, don jama'a su gani da idonsu cewa ana iya zuwa a dawo da rai. Sannan aka gina bukkoki takanas a Wunlit, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 1999 ɗaruruwan wakilai suka hallara, sarakuna da dattawa da mata da matasa da malaman coci da masu riƙe da al'adun gargajiya.

An buɗe da addu'a, an kuma yanka farin bijimi da suke kira Mabior, wanda a al'adarsu rantsuwa ce mai tsanani a kan duk wanda ya saɓa. Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar taron. Aka ba kowane ɓangare fili ya faɗi abin da aka yi masa, ɗaya ɓangaren yana zaune yana ji, ba katsewa, ba gardama. Kwanaki aka yi ana wannan. Mutum ya miƙe ya ambaci ƙauyensa da aka ƙona, da 'yarsa da aka tafi da ita, da adadin shanunsa, a gaban mutanen da 'ya'yansu suka aikata. Sai da ciki ya fashe tukuna aka zauna rubuta alkawari, alkawarin kuma na abubuwan da ake gani da ido ne: a mayar da matan da yaran da aka sace, a buɗe wuraren kiwo da na kamun kifi ga kowa, a bar mutane su koma kufansu, a kafa kotunan kan iyaka da za su riƙa yanke hukunci kan satar shanu kafin ta zama yaƙi. Aka dangwala yatsa. Kuma an gani a ƙasa: an mayar da mutane ga danginsu, kasuwanni sun buɗe, sulhun ya riƙe shekaru a yammacin Kogin Nilu, ya kuma share fagen shiryawar Garang da Machar a 2002. Kwamandan SPLA da ya ɗauki lamunin tsaron taron, ya kuma yi jawabi a wurin, shi ne Salva Kiir. Ya ga wannan hanya da idonsa, ya san tana ɓullewa.

To, abin da aka yi a Wunlit wanda ba a yi a Batikan ba shi ne waɗanda aka zalunta sun yi magana. A gidan Santa Marta shugabanni ne da limamai. Gwauruwar Bentiu ba ta nan, maraya na Leer ba ya nan. An roƙi manyan su yafe wa juna, alhali babban laifin ba junansu suka yi wa ba. Kiir da Machar suna iya rungumar juna yau su raba kujerun minista, amma ba su da ikon yafe jinin da ba nasu ba ne. Musulmi ya san wannan ƙa'ida tun yana makarantar allo: laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na share shi, haƙƙin wani kuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe. Kirista ma ya san ta. A cikin Matiyu sura ta 5 an ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. A cikin Luka sura ta 19, da Zakka mai karɓar haraji ya tuba, cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Annabi Ishaya ya fi kowa kaifin harshe, inda ya isar da cewa ko an yawaita addu'a ba za a saurara ba muddin hannuwa na jiƙe da jini. Saboda haka neman a biya haƙƙi kafin a shafa addu'a ba baƙon abu ba ne da 'yan rajin kare haƙƙin ɗan Adam suka shigo da shi. Yana cikin littafin da aka miƙa wa shugabannin a hannu.

Kuma hanyar biyan a rubuce take. Tarayyar Afirka ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon shugaban Najeriya, Olusegun Obasanjo, wanda rahotonsa ya fito a Oktoban 2015 ya tabbatar cewa ɓangarorin biyu sun aikata kisa da fyaɗe da azabtarwa. Yarjejeniyar 2015 da ta 2018 duk sun tanadi kotun haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Afirka da Sudan ta Kudu, da hukumar gaskiya da sulhu, da hukumar biyan diyya. Shekaru sun shuɗe ba a kafa kotun ba. An yi alkawarin haɗe mayaƙan ɓangarorin su zama runduna ɗaya mai mutum 83,000, sai a Agustan 2022 aka yaye rukunin farko, aikin kuma ya tsaya rabi da rabi. Zaɓen da ƙasar ba ta taɓa yi ba tun samun 'yanci aka yi ta ɗage shi, daga Disamban 2024 aka mayar da shi Disamban 2026. Man fetur ne ke kawo kusan duk kuɗin shigar gwamnati, amma malaman makaranta da sojoji sukan yi watanni ba albashi, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan haƙƙin ɗan Adam a ƙasar ta sha bayyana yadda manya ke wawure dukiyar. Sojan da ke da bindiga ba albashi, a kan talaka zai ci abinci. Waɗannan su ne ma'aunin ko an amsa roƙon dattijon nan ko ba a amsa ba.

Abin da zan yaba wa shugabannin cocin nan uku shi ne ba su shafa addu'a sun watse ba. Sun biyo bashi. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 Fafaroma Francis ya sauka a Juba, yanzu a keken guragu, tare da Welby da Iain Greenshields na Cocin Sikotland. Ana gobe za su iso aka kashe mutum 27 a Kajo-Keji a rikicin makiyaya da mazauna yankin. A fadar shugaban ƙasa Fafaroma bai yi kwana-kwana ba: ya ce zubar da jini ya isa haka, zargin juna ya isa haka, ya ambaci cin hanci da sunansa. Welby ya fi shi fitowa fili. Ya ce in ya tuna alkawuran 2019 ransa na ɓaci, ya ce sun yi fatan fiye da haka, sun yi tsammanin fiye da haka, kuma shugabannin sun yi alkawarin fiye da haka. A gaban mai gida ya faɗa, a cikin gidansa. Washegari suka tafi zauren Freedom Hall suka zauna da 'yan gudun hijira, yara suka miƙe suka ba da labarin rayuwar sansani. A wannan zama ne aka ɗan ji ƙamshin Wunlit, sai dai waɗanda ya fi kamata su ji labarin ba su ne ke zaune a gaban yaran ba. Ni da za a ji tawa, duk ranar da coci ta sake tara shugabannin ƙasa, a Juba ko a wani wuri, to sahun gaba na gwauraye ne da marayu da waɗanda aka ƙona wa gida, su fara magana, shugabanni su saurara har a gama, sannan a ɗaga hannu.

Akwai kuma gyaran da ke kan cocin kanta. Cutar ƙabilanci da ta ci siyasar ƙasar ba ta tsaya a ƙofar coci ba. Da aka naɗa Stephen Ameyu Akbishop na Juba a ƙarshen 2019, wasu limamai da mabiya sun yi ta bore, kuma batun ƙabilarsa na cikin abin da aka riƙa ɗagawa. Mai kiran mutane su haɗa kai, in gidansa a rabe yake, muryarsa ba ta kai nisa. Amma a wannan cocin ne kuma aka samu mata masu zaman zuhudu biyu, Mary Daniel Abut da Regina Roba, da aka harbe a hanyar Juba zuwa Nimule a Agustan 2021, da Bishop Christian Carlassare, na Rumbek a lokacin, da aka harba a ƙafafu a Afrilun shekarar, ya warke ya dawo, ya kuma jagoranci matasa suka yi tattaki na kwana tara daga Rumbek zuwa Juba don tarbar Fafaroma. Cocin da ke binne nata mamatan tare da talakawa tana da bakin da za ta yi wa mai mulki magana, kuma bai kamata ta sayar da wannan baki da kujerar alfarma a wurin taro ba.

Akwai masu cewa malamin addini ya tsaya a mumbarinsa, siyasa ba tasa ba ce. A ƙasar da kotu ba ta da ƙarfi, jarida na cikin tsoro, majalisa kuma naɗa ta aka yi ba zaɓa ba, in malami ya yi shiru wa ya rage? A Mozambik ƙungiyar Sant'Egidio ta mabiya Katolika ce ta riƙe teburin tattaunawa fiye da shekara biyu har aka sa hannu kan sulhu a birnin Rum ranar 4 ga Oktoban 1992. Sun yi addu'a, amma sun kuma zauna kan batun yadda za a kwance ɗamara da yadda za a yi zaɓe, sashe bayan sashe. Ita wannan ƙungiya ce ta jawo 'yan tawayen Sudan ta Kudu da suka ƙi shiga yarjejeniyar 2018 zuwa teburi a Janairun 2020. Aikin na gajiyarwa, ba ya kuma fitowa da kyau a hoto, amma shi ne ɗaure raƙumin da aka ce a yi kafin a dogara.

A farkon Maris 2025 mayaƙan sa-kai na Nuer da ake kira Farar Runduna suka mamaye barikin soja a Nasir, garin da Machar ya shelanta ɓallewarsa a 1991. Ranar 7 ga wata aka harbi jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya mai saukar ungulu da ya je kwashe sojoji, aka kashe wani janar da ma'aikacin jirgin da wasu da dama. Sojojin Yuganda suka shigo don mara wa Kiir baya, jiragen yaƙi suka koma kai hari a jihar Upper Nile, ranar 26 ga Maris aka yi wa Machar ɗaurin talala a gidansa. Fafaroma Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu, bai cika wata ɗaya da wannan ba. A Satumba aka tuhumi Machar da kisan kai da cin amanar ƙasa da laifukan cin zarafin bil Adama, aka dakatar da shi daga muƙaminsa. In akwai tuhuma a kansa, to ya amsa, mutanen Bor da na Bentiu sun daɗe suna jira. Amma kotun da aka yi wa jama'a alkawari ita ce wadda za ta tambayi ɓangarorin biyu, ta tambayi abin da ya faru a Bentiu ta kuma tambayi abin da ya faru a unguwannin Juba a Disamban 2013. Wadda aka kafa kuwa ɓangare ɗaya ne ya kafa ta don ɗaya ɓangaren. Zamanta na farko, ranar 22 ga Satumban 2025, an yi shi ne a Freedom Hall, zauren da yaran sansanin gudun hijira suka tsaya gaban Fafaroma suna roƙon a mayar da su gida.